Buntu Ba Shi da Ƙafa

Shekara goma sha bakwai
ni ke kai wa Tumba itace
a rumfarta ta bakin tashar Jega.
Kafin kiran farko na ɗaura wa jaki amalanke,
kafin hantsi na jibge mata ƙirya da marke,
ta ƙirga kuɗi, ta malmala mini tuwon shinkafa,
miyar kuka, man shanu a bakin kara.

Da can, daji yana bayan gari.
Daga baya sai na haye gada.
Daga baya sai na kwana a hanya.
Ƙirya ta ƙare, na koma wa kalgo,
kalgo ya ja baya, na durƙusa wa sabara
kamar mai neman gafara.
Ban taɓa faɗa mata ba. Kuɗi kawai nake ƙarawa.

Daga tunkiya abin ya faro,
wata fara da take kiwo a bayan rumfa.
Ta daina ci, ciki ya kumbura,
Arzika mahauci ya riga ajali da wuƙa.
Da ya farka tumbi,
ba harawa, ba dusa,
leda ce baƙa, curi guda, kamar gammo.
Tumba ta daɗe tana kallo.
Ta ce, "Wagga leda tawa ta.
Ni ka ƙulla ma mutane tuwo ciki."

Washegari babu leda.
Mai tafiya da abinci ya zo da kwanonsa,
ko a naɗe masa a ganyen ayaba.
Direbobi suka yi ta gunaguni,
wani ya ce tsufa ne, wani ya ce rowa.
Ta girke randa biyu a gindin darbejiya,
ta haƙa wa ruwan ɗauraya hanya zuwa zogale,
ragowar tuwo a shanya a kan kwano, rabon kaji.
Ni ina gefe ina dariya,
ban shafa wa gemuna ruwa ba.

Sai ga Bagudu maƙeri da rabin durom.
Buntun nan da injin casa ke amayarwa tsibi-tsibi,
a cinna masa wuta ya kwana yana turnuƙe unguwa,
shi aka kwaso.
Aka kafa taɓarya a tsakiya, aka danƙara,
aka zare taɓarya, aka ƙyasta ashana ta ƙasa.
Wuta ta miƙe tsaye ta cikin ramin
ba ta tambayi kowa itace ba.

Ina tsaye da lodina.
Ta ce, "Nomau, yau ba ni saye."
Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Kwana tara ban bi ta tasha ba.
A na goma jikanta ya yi sallama da kwano a rufe:
"Inna ta ce a gaya maka, buntu ba shi da ƙahwa."

Yanzu buhu shida nake kaiwa.
Ba nauyi, sai ƙaiƙayi a wuya har dare.
Kuɗin bai kai na itace ba, ba zan yi ƙarya ba,
kuma ita ma ba ta zama waliyyiya ba:
janareto na nan yana tari duk ranar ƙwallo.
Tokar murhu nake kwasowa in zuba a gonata.
Gatari yana ƙarƙashin gado, bakinsa ya yi ja.

Da damina na bi ta bayan gada.
Wani kututturen ƙirya, na gane saran hannuna,
ya yi toho har gwiwata.
Na tsaya.
Tafina ya motsa, irin na sabo.
Jakin bai tsaya ba,
sai na bi shi.